ZABURA A BAKIN BARCI: SUNANTA A HAUSA DA BAYANINTA A ILMIN LIKITA

1.0 GABATARWA



Mafi yawan waɗanda ke zaune a wannan zaure sun taɓa gamuwa da abin da wannan lacca za ta yi magana a kansa. Mutum ya wuni yana aiki, dare ya yi, ya kwanta, idonsa ya fara lumshewa, surutun waje ya fara yi masa nisa. Can sai ya ji kamar ya taka matakalar da babu ita, ko kuwa ya zame daga bakin rijiya. Ƙafarsa ta harba, kafaɗarsa ta fizga, ya farka firgigit, gabansa na faɗuwa. Ya duba ɗaki, ba kowa, ba komai, ƙofa tana rufe yadda ya bar ta. In uwargida tana kusa ta ce, "Maigida, lafiya?" Shi kuwa ba shi da amsar da ta wuce, "Lafiya lau, zabura na yi."

Ga alama abin ƙarami ne, bai kai a tara jama'a a kansa ba. Amma ƙaramin abu yakan girma idan aka ba shi sunan da ba nasa ba. Akwai gidan da za a ce iska ce ta taɓa mai zaburar, a shiga neman turare da hayaƙi, kuɗin cefane su tafi a banza. Akwai gidan da za a yi raɗa a ce farfaɗiya ce ta fara leƙowa, kuma kowa ya san abin da irin wannan raɗa kan jawo wa budurwa mai jiran aure ko yaro ɗan makaranta. Akwai kuma gidan da ciwo na gaske zai bayyana, a ce ai zaburar barci ce kurum, a zauna har lokacin magani ya wuce. Duk waɗannan kurakurai tushensu ɗaya ne, watau rashin rarrabe abubuwan da suka yi kama da juna. Saboda haka maƙasudin laccar shi ne a nuna cewa zabura a bakin barci ɗabi'a ce ta lafiyayyen jiki, a bayyana inda take fitowa, sa'an nan a shata iyaka tsakaninta da cututtukan da ake ruɗa ta da su. Da harshe za a fara, domin tun kafin a ƙera na'urar auna barci Bahaushe ya daɗe yana lura da mai barci.

2.0 ABIN DA HARSHE YA RIGA YA LURA DA SHI

Abu na farko da ɗalibin Hausa zai lura da shi shi ne yadda ake gina jimla idan ana maganar barci. Gaskiya ne akan ce wane ya yi barci, kamar yadda akan ce ya yi noma ko ya yi tafiya. Amma idan ana nufin lokacin shigarsa, sai jimlar ta juye: barci ya kama shi, barci ya ɗauke shi, barci ya kwashe shi, barci ya sace shi. A duk waɗannan jimloli barci ne aikau, mutum kuwa karɓau ne. Shi ya sa ake cewa barci ɓarawo ne. Ɓarawo ba ya sallama, kuma ba wanda zai iya faɗin daidai lokacin da barci ya ɗauke shi a daren jiya. Harshe ya yarda ke nan cewa akwai wata gaɓa wadda a cikinta ragamar jiki ke fita daga hannun mai shi.

Abu na biyu, Hausa ba ta ɗauki barci a matsayin dunƙulallen abu guda ba. Akwai hamma da miƙa, akwai nauyin ido, akwai lumshewa, akwai gyangyaɗi, sa'an nan a ce barci ya yi nisa ko ya yi nauyi. A wajen fita kuma akwai magagi, lokacin da mutum ya tashi amma hankalinsa bai gama komowa ba. Haka nan abubuwan da ke faruwa a tsakiya kowanne da sunansa: minshari, mafarki, sambatu, dannau.

Abu na uku, wanda ya fi shafar wannan lacca, shi ne kalmomin motsin jiki wanda ba mai jikin ne ya nufa ba. Karkarwa da makyarkyata da rawar ɗari motsi ne mai ɗorewa, jiki na ta kaɗawa kar-kar, kamar na mai zazzaɓi ko wanda sanyin hunturu ya kama. Firgita da razana kuwa al'amarin zuciya ne, tsoro ne ya faɗo ba zato. Ita zabura motsi ne guda ɗaya, mai ƙarfi, mai sauri; mahayi ya zaburi doki, doki ya zabura. Idan mutum ya ga maciji a hanya, tsoro ke fara zuwa, sa'an nan ya yi tsalle. A bakin barci kuwa tsarin a juye yake: jiki ke fara motsawa, faɗuwar gaba ta biyo baya. Don haka a cikin kalmomin nan duka zabura ce ta fi dacewa da abin, firgitar kuwa 'yar rakiya ce. Wannan bambanci zai yi amfani nan gaba, idan aka zo maganar abin da majiyyaci zai faɗa wa likita.

3.0 YADDA AKA LEƘA CIKIN BARCI

Har zuwa farkon ƙarni na 20 likita bai fi sauran jama'a sanin abin da ke gudana cikin kan mai barci ba, domin kowa daga waje yake kallo. Al'amarin ya sauya ne a hannun wani likitan Jamus mai suna Hans Berger, na Jami'ar Yena. A 1924 ya yi nasarar ɗaukar ɗan ƙaramin lantarkin da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke fitarwa, ya kuma buga sakamakon aikinsa a 1929. Na'urar tana zana wannan lantarki kamar igiyar ruwa, tana hawa tana sauka. Mutumin da ke farke, ya rufe ido ya natsu, igiyar takan kaɗa sau 8 zuwa 13 a cikin sakan guda. Da barci ya fara shiga sai ta lafa, ta koma sau 4 zuwa 7.

Da wannan na'ura ne Alfred Loomis da abokan aikinsa biyu a Amurka suka nuna a 1937 cewa barci hawa-hawa ne. A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Shikago suka gano wani mataki wanda a cikinsa idanu ke kai da kawo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma a nan ne ake yin mafi yawan mafarkai masu tsawo. A 1959 Michel Jouvet na birnin Liyon a Faransa ya nuna, ta hanyar gwaji da kyanwa, cewa a wannan matakin ƙwaƙwalwa na kashe ƙarfin mafi yawan tsokokin jiki, don kada mai mafarki ya tashi ya aikata abin da yake gani. Tsarin da likitocin barci ke bi tun 2007 ya kasa barci gida huɗu: mataki na ɗaya mai sauƙi, na biyu matsakaici, na uku mai nauyi, sai kuma matakin motsin ido. Mai barci yakan zagaya waɗannan matakai cikin kimanin minti 90, ya kuma maimaita zagayen sau 4 zuwa 6 kafin gari ya waye.

Mataki na ɗaya shi ne bakin barci, kuma bai cika wuce 'yan mintoci ba. A cikinsa tsokoki suna saki, idanu suna juyawa a hankali, tunani yana warwarewa. Wanda aka tayar a wannan lokaci sau da yawa zai yi musu ya ce shi ido kawai ya rufe. Nan ne gidan zabura. A 1959 wani likita ɗan Birtaniya, Ian Oswald, ya buga bincike a kan wannan fizga ta farkon barci, inda ya ɗauki lantarkin ƙwaƙwalwar masu yinta, ya ga abu ne da ke samun lafiyayyun mutane, ba tare da alamun farfaɗiya ba. Fizgar kanta ba ta cika wuce rubu'in sakan ba. Littattafan likitocin barci sun ƙiyasta cewa kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na mutane suna yinta, maza da mata, yara da manya. Wasu ma ba sa farkawa, sai abokin kwana ya ba su labari da safe.

Likitoci sun sa ta cikin dangin motsin da suke kira mayokulonas, kalmar da aka harhaɗa daga Girkanci, ma'anarta hargitsin tsoka. Wani likitan Jamus, Nikolaus Friedreich, shi ya shigo da kalmar cikin ilmin likita a 1881. Sunan yana da nauyi a kunne, amma ya isa a sani cewa shaƙuwa ma 'yar wannan dangi ce, domin fizga ce ta tsokar da ta raba ƙirji da ciki. Ba a taɓa jin an kai mutum wurin mai magani don ya yi shaƙuwa sau biyu ba.

4.0 INDA ZABURAR KE FITOWA

A gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, akwai wani saƙaƙƙen rukunin jijiyoyi wanda aikinsa shi ne riƙe mutum a farke. Giuseppe Moruzzi da Horace Magoun ne suka tabbatar da wannan a 1949. A 1996 kuma Clifford Saper da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka gano wani ɗan ƙaramin gungun jijiyoyi a ƙasan ƙwaƙwalwa wanda ke tashi aiki idan barci ya zo, ya danne na farkon. Rukunan nan biyu kowanne yana danne ɗan'uwansa, shi ya sa ba a cika daɗewa a tsakanin farke da barci ba.

Ma'aikata sun san yadda ake miƙa aiki tsakanin mai gadin rana da mai gadin dare. Galibi abin yakan tafi lami lafiya: wannan ya ajiye makulli, wancan ya ɗauka. Amma wata rana na daren ya karɓi ƙofa alhali na ranar bai gama sakin makullin ba, sai a ɗan yi ja-in-ja. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi ke nan. A daidai lokacin da rukunin barci ke karɓar ragama, sai wani ragowar saƙo ya kuɓuce daga rukunin farke, ya gangara ta laka zuwa tsokoki, su ɗaure gaba ɗaya su saki. Wasu masanan sun ƙara da cewa saurin sakin tsokoki shi ke ruɗar ƙwaƙwalwa: idan ta daina jin nauyin jiki a kan shimfiɗa sai ta ɗauka faɗuwa ake yi, ta aika da umurnin a cafki wani abu. Ko wanne aka ɗauka, bugun zuciya da saurin numfashi da ɗan gumin da kan biyo baya duk amsa ce irin wadda jiki ke bayarwa ga kowane abin ba-zata, kuma sukan lafa cikin ɗan lokaci.

To, ina labarin rijiya da matakala da rami? Ƙwaƙwalwa ba ta son abin da ba shi da dalili; idan jiki ya motsa sai ta ƙaga masa labari nan take. Akwai sanannen misali daga Alfred Maury, masanin Faransa wanda tun 1848 ya yi rubutu a kan gane-ganen bakin barci. Ya ba da labarin wani dare da ya yi mafarki yana zamanin juyin juya halin Faransa, aka gurfanar da shi, aka yanke masa hukuncin kisa, aka kai shi dandali, wuƙa ta sauko a wuyansa. Da ya farka sai ya tarar wani sashe na kan gadonsa ne ya faɗo masa a ƙeya. Haka wanda ya saba hawa keke zai ga ya faɗi daga keke, wanda ya saba jan ruwa ya ga bakin rijiya. Wani kuma ba faɗuwa yake ji ba: walƙiya yake gani, ko ya ji ƙara kamar an buga ƙofa ko an harba bindiga a cikin kansa, alhali ba wanda ya ji komai a gidan. Wannan ma likitoci sun san shi, kuma ba ya cutarwa.

5.0 ABUBUWAN DA KE ƘARA TA

Ruwa ba ya tsami banza. Idan zabura ta yawaita ga mutum, galibi akan sami ɗaya daga cikin abubuwa biyar.

Na farko shi ne bashin barci. Baligi yana bukatar awa 7 zuwa 9 a dare. Ɗalibin da ya kwana uku yana karatun jarrabawa, ƙafafunsa cikin bokitin ruwan sanyi, ranar da ya kwanta barci zai fizge shi da ƙarfi, miƙa aikin nan ya zo a gaggauce.

Na biyu shi ne abubuwan da ke korar barci. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ke sa ido ya yi nauyi. Sinadarin kafeyin, wanda Friedlieb Runge na Jamus ya fara tacewa daga kofi a 1819, yana toshe wuraren da adinosin ke sauka, sai gajiyar ta ɓuya ba tare da ta tafi ba. Akwai kafeyin a kofi da shayi da lemunan ƙara kuzari, akwai shi kuma a goro, wanda fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna ɗaukowa daga Gwanja. Jiki yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya rage rabin abin da aka sha. Ke nan wanda ya ci goro ko ya sha kofi da ƙarfe 6 na yamma, rabin ƙarfin yana jikinsa da ƙarfe 11 na dare, rubu'insa kuma yana nan har ƙarfe 4 na asuba. Taba ma tana cikin wannan sahu.

Na uku shi ne damuwa. Ma'aikacin da ya kwanta da lissafin kuɗin haya da kuɗin makaranta a ransa, jikinsa ya gaji amma mai gadin rana ya ƙi barin ƙofa. Na huɗu, aikin ƙarfi ko wasan motsa jiki mai tsanani dab da kwanciya. Na biyar, wasu magunguna, musamman wasu daga cikin waɗanda ake bayarwa don ciwon damuwa. Wanda ya ga zabura ta ƙaru bayan ya fara shan irin wannan magani, sai ya koma wurin likitan da ya rubuta masa, kada ya daina da kansa. Ƙwayar tiramadol kuwa, wadda wasu matasa ke sha ba bisa ƙa'ida ba, tana iya kawo fizgar jiki, har ma ta kai ga faɗuwa irin ta farfaɗiya.

Akwai wani tarko da ya kamata a ambata. Mutum ya zabura, ya tsorata, gobe ya kwanta yana jiran ta sake zuwa. Jiran ya hana shi barci, rashin barcin ya ƙara zaburar, zaburar ta ƙara tsoron. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya dama ba fizgar ce ta cuce su ba, fassarar da aka yi mata ce. Irin waɗannan sau da yawa bayani kaɗai ke warkar da su.

6.0 KAMA DA WANE BA WANE BA NE

Siffofin zaburar barci guda huɗu ne: tana zuwa a daidai shigar barci, sau ɗaya ce ko biyu, mai yinta yana farkawa da cikakken hankalinsa, kuma ba ta barin wani rauni a baya. Abin da ya saɓa wa waɗannan siffofi to wani abu ne daban. Ga biyar daga cikin waɗanda ake ruɗa ta da su.

(a) Dannau. Shi kishiyar zabura ne. A zabura jiki ke motsi ba da izinin mai shi ba; a dannau mai jikin ke son motsi jikin ya ƙi. Dalilinsa shi ne kashe ƙarfin tsokokin nan da Jouvet ya gano: hankali ya farka alhali jiki yana ɗaure da ɗaurin matakin mafarki. Yakan ɗauki 'yan sakan-sakan ko 'yan mintoci, yana da ban tsoro ƙwarai, amma ba ya kisa, kuma ya fi samun mai ƙarancin barci da mai kwanciya rigingine.

(b) Ƙafa mara natsuwa. Mutum yana kwance idonsa biyu, ya ji wani abu kamar tafiyar kiyashi a cikin ƙwaurinsa, ba ya samun sauƙi sai ya motsa ƙafar ko ya tashi ya taka. Thomas Willis na Ingila ya bayyana wannan a 1672, Karl-Axel Ekbom na Suwidin kuma ya yi cikakken bayaninsa a 1945. Yana da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, da juna biyu, da ciwon ƙoda. Da yawa daga masu shi ƙafarsu na harbawa cikin barci duk bayan sakan 20 zuwa 40, dare ya raba ana abu ɗaya. Wannan yana bukatar gwajin jini, kuma yana da magani.

(c) Ɗaukewar numfashi. Mai ƙaƙƙarfan minshari ya yi shiru ɗif na ɗan lokaci, sa'an nan ya zabura yana haki kamar wanda aka shaƙe. Maƙogwaronsa ne ke rufewa cikin barci. Irin wannan mutum yakan wuni yana gyangyaɗi a ofis, kuma abin yana tafiya tare da hawan jini. Uwargida ce kan fara gane shi, kuma maganarta abin ɗauka ce.

(d) Farfaɗiya. Akwai wani nau'inta wanda Dieter Janz da Walter Christian suka bayyana a Jamus a 1957, mai kama matasa galibi tsakanin shekara 12 da 18. Alamarsa fizgar hannuwa da kafaɗu, amma da safe bayan an tashi, mutum yana farke: kofin shayi ya suɓuce, cokali ya yi tsalle, a yi ta yi wa yaro faɗa ana cewa sakarci ne. Rashin barci na tayar da shi. Haka kuma duk wanda ya sandare cikin barci, jikinsa ya yi ta bugawa, ya ciji harshe, ko fitsari ya kuɓuce masa, ya tashi a ruɗe da ciwon kai, to asibiti ya kamata a nufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya a duniya sun kai kimanin miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace. Ciwon ƙwaƙwalwa ne kamar sauran cututtuka, ba a ɗaukarsa ta yawu ko numfashi ko taɓawa. Wanda ya faɗi a kwantar da shi a gefe ɗaya, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa wani abu. In abin ya wuce minti 5 a garzaya da shi asibiti.

(e) Jarirai. Jariri sabon haihuwa yakan watsa hannuwa idan ya ji ƙara ko aka ajiye shi da sauri. Wannan ɗabi'a ce da Ernst Moro ya bayyana a 1918, takan ɓace kafin wata 6. Wani jaririn kuma gaɓoɓinsa na fizga cikin barci kaɗai, da an tashe shi abin ya tsaya. Wannan ma yakan wuce da kansa cikin 'yan watanni. Abin da ba a jira da shi shi ne idan jariri mai wata 3 zuwa shekara guda yana sunkuyar da kai yana dunƙule jiki, sau da yawa a jere, galibi bayan ya farka, kuma ya daina murmushi ko wasan da ya saba. Wani likitan Ingila, William West, ya bayyana wannan ciwo a 1841 daga abin da ya gani a jikin ɗansa na cikinsa. Jinkirin magani a nan yana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro har abada.

7.0 KALMA A GABAN LIKITA

Likita ba ya kwana a ɗakin majiyyaci, abin da aka faɗa masa da shi zai yi aiki. Idan uwa ta ce, "Likita, yaron nan yana firgita," ba ta ba shi abin kamawa ba, domin kalmar na iya ɗaukar mugun mafarki, ko dannau, ko farfaɗiya. Amma idan ta ce, "Da safe bayan ya tashi hannunsa kan fizga har kofi ya faɗi," to ta yi rabin aikin. Tambayoyi huɗu ya kamata kowane mai jinya ya tanadi amsarsu: yaushe abin ke zuwa, da shigar barci ko tsakiyarsa ko bayan tashi? Sau ɗaya ne ko a jere? Yana cikin hankalinsa ko ya fita? Yaya yake bayan ya wuce? Wanda ke da waya mai ɗaukar hoto ya ɗauki abin yana faruwa, ya nuna wa likita. A nan akwai aiki a gaban ɗaliban Hausa da ma'aikatan lafiya tare, watau su daidaita waɗannan kalmomi a littattafan makaranta da shirye-shiryen rediyo, yadda zabura da karkarwa da sandarewa da suma kowacce za ta tsaya a matsayinta.

Wanda kuwa ya tabbata tasa zaburar barci ce zalla, ba ya bukatar ƙwaya. Ya tsayar da lokacin kwanciya da na tashi. Ya bar goro da shayi da kofi tun daga la'asar. Ya ajiye waya kafin ya hau gado. In yana ƙailula ya taƙaita ta. Addu'ar da ya saba yi kafin kwanciya tana kwantar da zuciya, kuma ba ta hana zuwa asibiti in an ga alamun da aka lissafa. Idan zaburar ta zo, ya gyara kwanciya kurum, ya bar ɓarawon ya komo da kansa, domin barci ba ya zuwa ga mai farautarsa.

Wuri ɗaya ne wannan zabura ke zama gargaɗi na gaggawa, shi ne a bayan sitiyari. Direban da kansa ya sunkuya ya ɗago a zabure, ya sani ba barci ne ke shirin zuwa ba, ya riga ya shiga matakin farko. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Gyangyaɗin sakan 4 ya isa ta shafe mita 111, fiye da tsawon filin ƙwallo, ba mai tuƙi. Goro da buɗe gilashi ba sa biyan wannan bashi. A tsaya a gefen hanya a yi barci.

8.0 KAMMALAWA

An ga cewa Hausa ta riga ta san barci yana da baki, yana da tsakiya, yana da mafita, ta kuma ware zabura daga karkarwa da firgita. An ga cewa na'urar Berger da binciken da ya biyo bayanta sun tabbatar da wannan rabe-rabe, suka kuma nuna inda fizgar ke fitowa. Abin da ya rage ga mai sauraro shi ne ya koma gida da ma'aunin nan na siffofi huɗu. In abin ya dace da su, a kwantar da hankalin mai shi, kada a laƙaba masa sunan da zai bi shi har ƙofar aure ko ta aiki. In ya saɓa musu, kada kunya ta hana a kai shi asibiti da wuri. Rashin sani, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu.

Allah ya ba da barci mai daɗi, ya tashe kowa lafiya. Wassalamu alaikum.